Jim Corbett: Maharbin Da Ya Koma Mai Gadin Damisa

'Yan'uwana ɗalibai, bari in fara da abin da ya kai ni ga wannan mutum, kada wani ya ce me ya haɗa ɗan Kalgo da Baturen Indiya da ya mutu tun 1955.

Kakana maharbi ne. Har yau bindigarsa ta toka tana rataye a ɗakinsa, ko da yake tsatsa ta cinye ta. Tun muna yara yake ba mu labarin dajin da ke tsakanin Kalgo da Bunza a zamanin samartakarsa: barewa, gada, gadu, ga kura tana kuka har bayan gari. Ni kuwa na tashi ban ga ko ɗaya ba, sai zomo da gafiya, su ma sai an yi sa'a. Shi ya sa da 'yan ajinmu suka ce a haɗa kuɗi a ɗauki shatar bas zuwa Yankari a Jihar Bauchi a hutun da ya wuce, ni na fara biya. Burina ɗaya ne, in ga zaki da idona.

To, ban gan shi ba. Mun ga gwankaye da gwambaza, mun ga gadu yana kiwo a gindin masauki kamar akuya, wani gwaggon biri ya fizge burodi a hannun abokina. Giwa ma kashinta da sawunta kawai muka tarar. Mun yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, abin ba a magana. Amma da na matsa wa ma'aikacin da ya zaga da mu da tambayar zaki, sai ya yi mini bayani cewa a duk faɗin Nijeriya ba su saura ba sai a Yankari da Kainji, kuma 'yan ƙalilan ne. Shi ne ya ambaci Indiya, inda namun dajinsu suka kusa ƙarewa aka dawo da su, ya kuma ambaci sunan Corbett. Da muka dawo na bi sawun sunan. Ga abin da na samo.

Tukuna dai, mu daidaita suna. Damisar da muka sani a nan mai roɗi-roɗi ce, wadda ake wa kirari da ƙi-sabo. A Asiya akwai ta, akwai kuma babbar yayarta mai ratsi-ratsin baƙi a kan jan gashi, wadda ta kan fi zaki ma nauyi. Babu irinta a dazuzzukan Afirka ko guda. A wannan rubutu zan riƙa kiranta damisa mai ratsi.

An haifi Edward James Corbett ranar 25 ga Yuli, 1875, a garin Nainital da ke yankin Kumaon, a gindin duwatsun Himalaya, lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Ba ɗan manya ba ne. Mahaifinsa shugaban gidan waya ne na garin, ya rasu a 1881 yaron bai cika shekara 6 ba, ya bar uwa da tarin 'ya'ya. Idan sanyi ya yi tsanani iyalin kan sauko wani ƙauye da ake kira Kaladhungi, daji kewaye da su ta ko'ina. Nan yaron ya yi makarantarsa ta gaskiya. Ya fara da danƙo, ya koma baka, sannan bindiga. Ya iya harshen mutanen wurin kamar ɗan gida. Ya koyi karanta sawu har yakan gane namiji ne ko mace, tsoho ne ko matashi, da ƙoshi ya wuce ko da yunwa. Ya san kukan da biri ko barewa ke yi idan sun hango damisa, kuma shi kansa ya iya kwaikwayon kukanta.

Bai kai shekara 20 ba ya bar karatu ya shiga aikin reluwe don ya taimaki gida. Sama da shekara 20 ya yi a wani mashigi da ake kira Mokameh Ghat, yana kula da leburori masu sauke kaya daga jirgin ƙasa su tsallakar da su kogin Ganges. Wannan ya ba ni mamaki. Na zaci maharbi ne na sana'a, ashe ma'aikaci ne da ke ɗaukar hutu ya tafi farauta idan an kira shi.

Kiran farko ya zo a 1907. Wata damisa mai ratsi ta addabi yankin Champawat. Ta fara ɓarna a ƙasar Nepal, inda ta kashe mutum kusan 200, sojoji suka koro ta ta tsallako Kumaon, ta ci gaba. Jimillar da aka lissafa mata ita ce mutum 436, akasarinsu mata da 'yan mata masu zuwa yankan ciyawa da itace. Ku tsaya ku auna wannan adadin da yawan 'yan sashenku. Da Corbett ya isa ƙauyen farko, ya tarar mutane sun yi kwanaki a kulle cikin ɗaki, alkama ta nuna a gona ba mai iya fita girbi. Daren farko ya fita shi kaɗai ya jingina da bishiya a bakin hanya yana jiranta, kuma shi da kansa ya rubuta cewa tsoro ya kusa kashe shi kafin asuba, ya gane wauta ya yi. Wannan na daga cikin abin da ya sa na yarda da mutumin: ba ya ɓoye tsoronsa. Kashegari ya tsaya da bindiga mutane suka yi girbinsu.

Bayan 'yan kwanaki damisar ta ɗauke wata yarinya 'yar shekara 16 da rana tsaka. Ya bi jinin har cikin wani kwazazzabo. Washegari aka tara mutanen ƙauyuka kusan 300 da ganguna da gwangwanaye da tsofaffin bindigogi, suka yi ta ihu daga saman dutse har ta fito ta inda yake laɓe, ya harbe ta.

Abin da ya gani a bakinta shi ne ya juya rayuwarsa. Fiƙoƙinta biyu na gefen dama, na sama da na ƙasa, a karye suke, kuma harsashi ne ya karya su tun da daɗewa. Wani ya taɓa harbinta bai kashe ta ba, ya tafi abinsa. Da irin wannan baki ba ta iya riƙe barewa ko ɓauna, sai ta koma ga abin da ba ya gudu sosai kuma ba shi da ƙaho.

Daga nan duk wadda ya kashe sai ya duba gawar da kyau, kuma kusan kullum yakan sami dalili. Ta Mohan, da ya feɗe ƙafarta ta gaba, ya zaro kibiyoyin beguwa fiye da 20 da suka ruɓar da naman. Wata tsufa ne ya ci haƙoranta. Ita kuwa damisa mai roɗi ta Rudraprayag, wadda ta kashe mutum 125 tsakanin 1918 da 1926 a kan hanyar masu ziyarar ibada ta Hindu, annobar mura ta 1918 ce ta koya mata. Mutane sun mutu da yawa har aka kasa ƙona gawa yadda al'adarsu take, aka riƙa jefawa a kwazazzabai; da annoba ta wuce, ta riga ta saba. Wannan ta wahalar da shi ƙwarai. Ta tsallake tarko, ta tsallake guba, ta riƙa ɓalle ƙofa tana shiga ɗaki da dare. Sai a watan Mayu na 1926 ya same ta, bayan ya yi darare a jere a kan bishiyar mangwaro, ya ɗaure akuya a ƙasa. Akuyar ma ta rayu.

Tsakanin 1907 da 1938, dabbobin da ya kashe an ƙiyasta sun hallaka mutum sama da 1,200. Yakan gindaya sharaɗi kafin ya fita: a janye ladan da gwamnati ta sa, sauran maharba kuma su bar dajin. Ba ya so a ce don kuɗi ya zo, ba ya kuma so wani ya harbe shi bisa kuskure. Yawanci shi kaɗai yake tafiya, a ƙafa.

Kada fa in mai da shi waliyyi. Mutumin zamanin mulkin mallaka ne, kuma ya yi wa mulkin hidima da zuciya ɗaya. A 1917 ya kwashi 'yan Kumaon 500 zuwa Faransa aikin ƙarfi a Yaƙin Duniya na Farko, ko da yake an yaba masa don mutum ɗaya kacal ya rasa a cikinsu. A yaƙi na biyu ya koyar da sojoji dabarun zaman daji don yaƙin Bama, yaƙin nan da kakanninmu na Arewa da yawa suka je. Ya shirya wa manyan Turawa farautar nishaɗi. A 1930 ya kashe wani ƙaton namiji da ake kira Gwauron Powalgarh wanda bai taɓa cin mutum ba. Girmansa kawai ya jawo masa. A ganina wannan tabo ne, kuma ba na jin ya kamata a share shi don mutum ya gyara daga baya.

Amma ya gyara ɗin. A ƙarshen shekarun 1920 ya sayi kyamara, ya ɗauki darasi daga abokinsa F. W. Champion, wani jami'in gandun daji da ya riga shi ajiye bindiga. Ya riƙa shafe watanni yana laɓe don ya ɗauki fim ɗin damisa tana raye. Ya shiga makarantu yana yi wa yara lacca, yakan rufe da kwaikwayon kukan damisa har yara su firgita. Ya yi ta gargaɗin cewa sare daji da yawan bindigogi za su ƙarar da ita. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka keɓe wani yanki a bakin kogin Ramganga a 1936, aka sa masa sunan tsohon gwamnan lardin, Malcolm Hailey. Shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Indiya.

Abin da ya fi burge ni ba gandun ba ne, wani ƙaramin ƙauye ne, Chhoti Haldwani. Corbett ya sayi filin, ya zaunar da manoma, ya gina musu katangar dutse kewaye da gonaki don kada aladun daji da barewa su cinye amfani. Da zai bar ƙasar ya bar musu gonakin. Wato ya gane cewa manomin da dabba ta cinye wa gero ba zai saurari wa'azin kare dabba ba sai an fara kare geron.

A 1944 ya fitar da littafinsa Man-Eaters of Kumaon, wanda ya karɓu a duniya, ya ba da kuɗin bugun farko ga sojojin Indiya da suka makance a yaƙi. A 1947, shekarar 'yancin Indiya, ya ƙaura zuwa Nyeri a Kenya tare da 'yar'uwarsa Maggie. Daga shi har ita ba wanda ya taɓa aure. Yana tare da Gimbiya Elizabeth a masaukin nan na kan bishiya, Treetops, a daren 5 ga Fabrairu, 1952, daren da mahaifinta ya rasu sarautar Ingila ta faɗo kanta. Ya mutu ranar 19 ga Afrilu, 1955, aka binne shi a Nyeri. Jim kaɗan bayan haka Indiya mai 'yanci, wadda ke ta goge sunayen Turawa daga tituna, ta sa wa gandun nan sunansa.

Gargaɗinsa kuwa ya tabbata. Ƙidayar 1972 ta sami damisa mai ratsi 1,827 kacal a duk Indiya. Gwamnatin Indira Gandhi ta kafa dokar kare namun daji a shekarar, sannan ranar 1 ga Afrilu, 1973, aka ƙaddamar da shirin ceto damisa a cikin gandun Corbett ɗin, da gandaye 9. Ba a tafi sumul ba: ɓarayin fata da ƙashi sun mai da adadin 1,411 a 2006. Aka ƙara masu gadi, aka kafa kyamarori a daji ana gane kowace damisa da ratsinta, tunda ba biyu masu ratsi iri ɗaya. Ƙidayar 2022 ta ba da 3,682, kusan kashi uku cikin huɗu na duk waɗanda suka rage a dazuzzukan duniya. Sai dai akwai waɗanda suka biya farashin. An tashi ƙauyuka, an fitar da Van Gujjar, wasu makiyaya Musulmi masu kiwon ɓauna da rayuwarsu ta yi kama da ta Fulaninmu, daga dazuzzukan da suka gada. Har gobe kuma damisa na kashe mutane a bakin gandun.

Mu ma ba mu tsira daga irin wannan ba. A 2018 giwaye sun ɓullo a yankin Koko/Besse da Bagudo, suka shiga gonaki, gwamnati ta roƙi jama'a kada a taɓa su, kuma mutanen suka haƙura. A Yawuri masunta da manoman bakin ruwa sun san abin da dorina ke yi. Masu karanta aikin gona da safiyo da tsara ƙasa a cikinmu, wata rana fayil irin wannan zai iya sauka a teburinku: ga dabba da doka ta hana a kashe, ga mai gona yana tsaye yana jiran amsa.

Da na je gida Kalgo na zauna na ba Kaka labarin Champawat tun daga farko, ina nuna masa hotuna a waya. Adadin 436 bai girgiza shi yadda na zata ba. Da na zo kan karyayyun fiƙoƙin ne ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya tambaya ko an gano wanda ya fara harbinta. Ya ce a zamaninsu, maharbin da ya ji wa dabba rauni ba ya kwana gida sai ya bi jininta ya ƙarasa ta, ko da zai kwana uku a daji, in kuwa ya dawo haka nan, Sarkin Baka ne zai karɓe bindigarsa. Sannan ya sa na ƙara buɗo masa hoton, ya matso da wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana ƙirga ratsin.