Duff Cooper: Ɗan siyasar da ya ceci kujerar Baldwin a zaɓen cike gurbi

A farkon watan Maris na 1931, shugaban jam'iyyar Conservative ta Birtaniya, Stanley Baldwin, ya kusa ajiye muƙaminsa. Manyan masu gidajen jarida biyu ne suka sa shi a gaba: Lord Beaverbrook na Daily Express da Lord Rothermere na Daily Mail. Suna so a saka haraji kan kayan da ake shigowa da su daga wajen daular Birtaniya, har da abinci, shi kuma Baldwin yana jan ƙafa. Sai suka fara tsayar da nasu ƴan takarar, su ma masu ra'ayin riƙau, domin su kara da na jam'iyyar. A watan Oktoban 1930 ɗan takararsu ya lashe mazaɓar Paddington ta Kudu.

Ana cikin haka ɗan majalisar mazaɓar Westminster St George's da ke Landan ya rasu. Wanda jam'iyya ta fara tsayarwa ya janye, domin ba zai iya kare Baldwin ba. Nan ne Alfred Duff Cooper ya fito.

An haife shi a 1890. Ya yi aiki a ma'aikatar harkokin waje, ya je fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dawo da lambar yabo, sannan a 1919 ya auri Lady Diana Manners, wadda a lokacin ta fi shi suna nesa ba kusa ba. Ya shiga majalisa daga Oldham a 1924, ya faɗi a 1929.

Abokin hamayyarsa shi ne Sir Ernest Petter, attajiri mai masana'antar injuna, wanda jaridun biyu suka tsaya wa. Jam'iyyar Labour da ta Liberal ba su tsayar da kowa ba, don haka rigimar ta cikin gida ce zalla. Kowa ya san da Cooper ya faɗi, Baldwin ma ya tafi. Ranar 19 ga Maris Cooper ya yi nasara da ratar ƙuri'a sama da 5,000, kuma daga nan guguwar masu jaridun ta kwanta. Baldwin ya sake zama firaminista a 1935, ya kuma ba Cooper ministan yaƙi.

Sai dai abin da aka fi tuna shi da shi ya zo ne a 1938, yana ministan sojin ruwa. Da firaminista Neville Chamberlain ya amince Hitler ya yanki wani ɓangare na Chekoslovakiya a yarjejeniyar Munich, Cooper kaɗai ne cikin majalisar ministoci ya yi murabus, a daidai lokacin da jama'a ke ta murna an kauce wa yaƙi. Ba a cika shekara ba yaƙin ya ɓarke.

Churchill ya naɗa shi ministan yaɗa labarai a 1940, aikin da bai yi masa daɗi ba. Ya fi samun kansa a Paris, inda ya zama jakadan Birtaniya daga 1944 zuwa 1947.

Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1954 a cikin jirgin ruwa, suna kan hanyar zuwa Jamaika shi da matarsa.