Muhammadu al-Katsinawi, malamin lissafi

Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina. Ya karanci addini da lissafi da ilimin taurari wajen manyan malamai. A zamaninsa, mai neman ilimi sai ya bi shi da ƙafa ko bisa raƙumi. Yau kuwa ɗalibi yana zaune a Birnin Konni, darasi ya iske shi ta intanet.

Muhammadu ya tafi Makka, ya yi aikin hajji. A shekara ta 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi. Kun san hatimi, malamai suna zana shi a allo. Ga ƙaraminsa: gida tara, lamba daga 1 zuwa 9. Kowane layi ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Mai gida 25 kuwa yana ba da 65.

Cika irin wannan da lalube aiki ne mai cin rai. Shi sai ya tsara ƙa'ida daki-daki: ga gidan farawa, ga na biye, ga abin yi in an tarar gida a cike. Wanda ya bi ta ba ya ɓata. Haka ake rubuta wa kwamfuta umurni, don ita ba ta san lalube ba.

Ya zauna a Alƙahira, gidan Malam Hasan al-Jabarti, yana koyarwa. Can ya rasu a 1741.

To, ku zana gida tara, ku sa 5 a tsakiya, ku cika sauran.