Kinue Hitomi: 'Yar jaridar da ta tsallake tsawon turmin atamfa

Duk mai sayar da atamfa a kasuwar Gazawa ko ta Gidan Rumji ta san tsawon turmi mai yadi 6. To, a shimfiɗa shi a ƙasa, a ce mace ta sheƙo da gudu ta tsallake shi daga wannan baki zuwa wancan. Abin da marigayiya Kinue Hitomi ta yi ke nan a shekarar 1926, a gasar mata ta duniya da aka yi a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin. Ta yi tsallen mita 5.50, ta ɗauki lambar zinare.

An haife ta ranar 1 ga Janairun 1907 a yankin Okayama na ƙasar Japan. Tana da shekara 19 jaridar Osaka Mainichi ta ɗauke ta aiki. A shekarar ce ta shiga jirgin ƙasa, ta ratsa Saberiya zuwa wannan gasa, ita kaɗai ke wakiltar ƙasarta.

A 1928 ta kai mita 5.98, wato kusan yadi 6 da rabi, kuma sai bayan shekara 11 aka samu wadda ta zarce ta. Amma da ta je gasar Olamfik a Amsterdam a wannan shekara, babu dogon tsalle na mata, domin sai a 1948 aka saka shi. An fitar da ita a tseren mita 100. Maimakon ta koma gida hannu rabbana, sai ta shiga tseren mita 800 wanda ba fanninta ba ne, ta zo ta biyu. Ita ce mace ta farko daga Japan da ta samu lambar Olamfik.

Nauyin da ta ɗauka daga baya ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ga aikin jarida, ga yawon neman kuɗin tafiya, ga horar da 'yan mata 5 da ta jagoranta zuwa birnin Prague a 1930. Can ma ta ci zinare a dogon tsalle, sannan ta ci gaba da gasa a biranen Turai ba hutu, jikinta kuwa ya riga ya gaji.

Ciwon huhu ya kwantar da ita a Osaka. Ta rasu ranar 2 ga Agustan 1931 tana da shekara 24, shekara 3 cif daga ranar da ta ci lambar azurfa a Amsterdam.