Victor Regnault, Mutumin da Ya Auna Gudun Sauti

Kowane malami da ya taɓa koyar da kimiyya ya san lambobin nan da ke jere a bayan littattafai, na nauyin iska, da ƙarfin tururi, da gudun sauti. Yara kan haddace su, ba su san waɗanda suka sha wahalar samo su ba. To, ɗaya daga cikinsu shi ne wani Bafaranshe mai suna Henri Victor Regnault, ana faɗin sunan nasa Renyo.

An haife shi ran 21 ga Yuli, 1810, a birnin Aachen, wanda a lokacin yana hannun Faransa. Ubansa hafsa ne cikin rundunar Napoleon, ya mutu a yaƙin Rasha na 1812. Yaron yana da shekara takwas uwarsa ita ma ta mutu. Ya tashi maraya a birnin Faris, yana aiki a wani kantin yadi, yana karatu in ya sami sarari. Cikin 1830 ya ci jarrabawar shiga babbar makarantar nan École Polytechnique, daga nan ya wuce makarantar ilmin ma'adinai. Ya fara yin suna ne wajen ilmin haɗa sinadarai, amma cikin 1841 aka ba shi kujerar koyar da ilmin fiziks a Collège de France.

A zamanin nan injin tururi ne ke jan jirgin ƙasa, shi ke juya masaƙu, ga shi kuwa lambobin da injiniyoyi ke dogara da su ba su dace da juna ba. Tukunyar da aka ƙera bisa lissafin kuskure tana iya fashewa ta hallaka mutane. Saboda haka gwamnati ta ɗora wa Regnault aikin sake awon duka. Kafin ya auna kome, sai ya fara tuhumar ma'aunin kansa. Ya gane ma'aunin zafi biyu na zaiba suna iya dacewa a kan ƙanƙara, su dace a kan tafasar ruwa, amma su saɓa a zafin da ya wuce haka, domin kowane irin gilashi da yadda yake buɗewa in ya ji wuta. Sai ya komo ga ma'aunin da ke aiki da iska. Har wa yau ya nuna ƙa'idar Boyle, wadda aka daɗe ana ɗauka daidai take sarai, kusa da daidai kurum take. Babban littafinsa na farko kan wannan aiki ya fito cikin 1847. William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya yi aiki a ɗakin gwajinsa cikin 1845, ya kuma yi amfani da lambobinsa ƙwarai.

Aikinsa kan sauti shi ya fi nuna halinsa. Kafin shi, a 1738 da kuma 1822, masana sun auna gudun sauti kusa da Faris da igwa. A harba ta kan wani tudu da dare, masu awo na wani tudun su ga wutar su duba agogo, su ji ƙarar su sake dubawa. Wahalar ita ce, tsakanin ji da motsa hannu akwai ɗan jinkiri, kowane mutum kuwa da nasa. Ga kuma iska mai kaɗawa, da zafi da raɓa masu sakewa a hanya.

Daga 1862 zuwa 1866 ana shimfiɗa sababbin bututun ruwa da na gas a Faris. Regnault ya sami izinin aiki da su tun ba a saki kome ciki ba, daga masu faɗin wajen santimita 11 har zuwa masu faɗin fiye da mita ɗaya. A ciki babu iska mai kaɗawa, zafi kuma ba ya saurin sakewa. Sa'an nan ya fitar da kunnen mutum da hannunsa daga aikin. Ya miƙa siririyar wayar lantarki a bakin ƙaramar bindiga, da an harba sai wayar ta tsinke, wani alƙalami ya yi zane jikin takarda mai baƙin hayaƙi da ke juyawa. A ɗaya bakin bututun akwai wani marfi siriri kamar fatar kalangu, sauti na isowa sai ya motsa, alƙalamin ya sake zane. Lokaci kuwa, wani ƙarfe mai baki biyu ne ke kaɗawa yana rubuta shi a gefe. Da haka ya ga sauti ya fi nawa a siririn bututu, ƙara mai tsanani kuma ta fi mai rauni sauri kaɗan. Bayan ya ware waɗannan duka, ya ce a busasshiyar iska mai sanyin ƙanƙara sauti na cin mita 330.7 a sakan ɗaya, watau wajen ƙafa 1,085. Lambar da aka yarda da ita yau ta ɗara mita 331 da kaɗan.

Ƙarshen rayuwarsa abin tausayi ne. Shi ne shugaban ma'aikatar tangaran ta Sèvres, can kuma ya kafa ɗakin gwajinsa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia cikin 1870, sojojin Jamus suka mamaye wurin, aka lalata kayan awonsa, takardun aikin shekaru suka salwanta. Ran 19 ga Janairu, 1871, aka kashe ɗansa Henri, shahararren mai zane, a fagen daga na Buzenval. Bai sake komawa daidai ba, ya mutu ran 19 ga Janairu, 1878, shekara bakwai cif bayan ɗan nasa.

A makarantu ana maimaita awon nan a taƙaice. A kaɗa ƙarfe mai baki biyu bisa bakin bututun gilashi, a riƙa rage ruwan ciki har iskar bututun ta amsa, amon ya kumbura. A ƙara ragewa har ta amsa na biyu. Da ƙarfe mai kaɗawa sau 512 a sakan, a ɗaki mai zafi digiri 20, tazarar wuraren nan biyu wajen santimita 33 da rabi ce. Kuskuren rabin santimita kaɗai yana sake amsar da wajen mita 5. In zafin ɗakin ya kai digiri 30, gudun ya tashi wajen mita 349, yaron da ya sami wannan bai ɓata ba ko da ya saɓa wa littafi. Saboda haka ya kamata malami ya sa yara su auna sau da yawa, su rubuta zafin ɗakin, su faɗi iyakar abin da suke shakka a kai. Wanda ya kankare abin da ya gani don ya dace da littafi ya bar hanyar Regnault.