Babban Gwani, maginin da unguwa ta gāji sunansa

A cikin birnin Zariya akwai unguwar da ake kira Babban Gwani. Laƙabin Malam Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina masallacin Juma'a na garin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya ɗaura bakan gizon da ke riƙe da rufin, ba siminti, ba ƙarfe. Ana cewa a Birnin Gwari aka kashe shi, don kada ya gina wa wani sarki wanda ya fi. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na masallacin da ginin siminti. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Magina.