Tunawa da Farfesa Eric Hobsbawm (1917–2012)

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, bari in tuna mana da Eric Hobsbawm, shaihin malamin tarihin da har yau nake jimamin rashinsa.

An haife shi a Iskandariyya ta ƙasar Masar a 1917. Ya tashi a Biyana da Balin, kuma kafin ya cika shekara 15 iyayensa duka biyu sun mutu. A 1933, shekarar da Hitila ya hau mulki, ya koma Landan tare da danginsa, waɗanda Yahudawa ne. Ya yi karatu a Kambirij, daga 1947 kuma ya koyar a Kwalejin Birkbeck, inda ma'aikata ke ɗaukar darasi da dare.

Littattafansa huɗu kan tarihin duniya daga 1789 zuwa 1991 su suka fito da sunansa. Amma kuma ya yi kimanin shekara goma yana sharhin kiɗan jaz a mujallar New Statesman da sunan aro, Francis Newton, har ya wallafa The Jazz Scene a 1959. A wurinsa, kiɗan nan da baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro tarihin talakawa ne, irin wanda marubutan fada ba sa kulawa da shi.

An soke shi da ƙin barin jam'iyyar Kwaminis bayan Tarayyar Sobiyet ta murƙushe boren Hangari a 1956, sukar kuwa tana da tushe. Ya mutu a Landan ranar 1 ga Oktoba, 2012, yana da shekara 95.

Daga gare shi na koyi cewa mai neman tarihin jama'a ba ya raina makaɗi.