Alexander Fleming: Ɗan Manomin da Ya Gano Fenisilin

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwannin yankinmu, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, ya ga masu tallar magungunan dabbobi sun baza kafso da kwalaben allura a tabarma. Makiyayi zai saya wa saniyarsa mai tari, mai kaji ma ya saya ya zuba a ruwan sha. Tarihin irin waɗannan magunguna ya faro ne daga wani ɗan manomi, kuma shi ne ya yi gargaɗi tun farko a kan yadda muke amfani da su yau.

An haifi Alexander Fleming ranar 6 ga Agusta, 1881, a wata gona kusa da garin Darvel a Sikotlan, ƙasar Birtaniya. Yana ɗan shekara 7 mahaifinsa ya rasu. Ya taso cikin tumaki, yana zuwa makaranta a ƙafa. Da ya koma Landan sai da ya yi shekara 4 yana aikin akawu a kamfanin jiragen ruwa, kafin ɗan gadon da ya samu ya ba shi damar karatun likita a asibitin St Mary's, inda ya kammala a 1906.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin likitan soja a Faransa. Nan ya ga sojoji suna mutuwa saboda ƙwayoyin cuta sun shiga raunukansu, kuma maganin wanke ciwo na lokacin ba ya kai musu.

A Satumbar 1928 ya dawo daga hutu ya tarar funfuna ta fito a wani farantin gilashi da yake renon ƙwayoyin cuta a ciki. Maimakon ya zubar, sai ya duba da kyau. Ƙwayoyin da ke kewaye da funfunar duk sun mutu. Ya sa wa sinadarin da take fitarwa suna fenisilin, ya wallafa bincikensa a 1929. Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oxford ne suka mayar da shi magani, kuma su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945.

Tun a binciken farko Fleming ya lura fenisilin ba ya kashe kowace ƙwayar cuta. Akwai wadda ake samu a hanyar numfashin mutum da ta ƙi mutuwa. Danginta ne ke jawo ciwon huhu a aladu da shanu da tumaki, da kwalarar kaji. A jawabinsa na karɓar kyautar ya ja kunne cewa idan aka sha magani kaɗan, ƙwayoyin da suka tsira za su koyi jure masa, su kuma yaɗu zuwa wasu mutane.

Ya rasu ranar 11 ga Maris, 1955, a Landan. Bayan rasuwarsa masana suka gano cewa ƙwayoyin cuta suna miƙa wa juna ƙwayoyin halittar da ke ba su wannan juriya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. A 2015 an gano irin wannan a aladun ƙasar Sin, mai bijire wa kolistin, maganin da likitoci ke adanawa don lokacin da sauran suka gaza. Ba da jimawa ba aka same ta a ƙasashe da dama, har a jikin mutane.

Galibinmu ba ma kiwon aladu, amma ƙwayar cuta ba ta san wannan ba. Abin da ya faru a gonakin aladu zai iya faruwa a garken shanu a gefen dajin Falgore, ko a akurkin kajin gidanmu, ya iso gare mu ta madara da nama da kashin dabbobi.

'Yan uwa ɗalibai, idan likita ya rubuta magani mu sha yadda ya ce, kada mu tsaya don mun ji sauƙi. Idan dabba ta kamu, mu roƙi iyayenmu su nemi malamin dabbobi kafin su je wurin mai tabarma.